Gawayi, Itace ko Gas: Da Me Zan Gasa Nama a Tsakar Gida?

"Assalamu alaikum Malam. Allah ya hore mini na tare a gidana a Zariya, kuma akwai ɗan fili a bayan ɗakin girki. Ina so in riƙa gasa wa iyali nama ko kaza ranar Asabar, sai kuma lokacin Babbar Sallah. Na shiga kasuwa na ga murhun gashi na gas mai murfi, kuɗinsa ya kusa na ƙaramin firji, na kuma ga na rabin durom da masu walda ke yi. Uwargida ta ce gas, don ba ta son hayaƙi a kan shanyarta. Yayana ya ce naman da ba a gasa da itace ba dafaffe ne kawai. Ni kuma gawayi na saba gani. Wanne zan ɗauka in huta?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa rai aka yi wa, ya sanya albarka a gidan. In na fahimce ka da kyau, ku uku ne kowa da abin da yake gudu. Uwargida tana gudun hayaƙi da toka, Yaya yana gudun a miƙa masa nama lami, kai kuma kana gudun zuba kuɗi a ƙarfen da zai ƙare a lungu yana tsatsa. Babu wanda bai da gaskiya a cikinku, shi ya sa maganar ta ƙi yankewa.

Bari in faɗi nawa tun da wuri don kada in ja ka da nisa. Je wurin mai walda ya yi maka rabin durom mai murfi, ka riƙe gawayi, ka ajiye 'yan guntayen itace mai kyau saboda ƙamshi. Amma akwai gidajen da zan ce musu su sayi na gas ban yi inda-inda ba, kuma ya kamata ka san ko naka yana cikinsu.

Na shiga wannan sana'a da riƙon mafici a tukubar kawuna ina ɗan shekara 12. Sai da na shekara biyu ina tsaron wuta kafin ya yarda in taɓa wuƙa, kuma a lokacin ina ganin mugunta ce. Yau da nake gashin biki da suna da walima, duk yaron da ya zo koyo wurina daga wuta yake farawa, domin na ga nama mai kyau ya lalace a kan kowane irin murhu, na kuma ga nama mai araha ya yi daɗi a kan duwatsu uku da waya.

Abin da ke gasa naman

Harshen wuta ba ya gasa nama, ƙona shi yake yi. Abin da ke gasawa shi ne zafin da ke fitowa daga garwashi, ko daga ƙarfen da wuta ta gasa. Saman nama ba ya fara yin jan nan mai ƙamshi sai ruwan da ke kansa ya ƙafe, zafin wurin ya haura kusan digiri 140 a ma'aunin Salshiyas. Muddin da laima a jikinsa, zafin saman ba ya wuce na tafasar ruwa, wato digiri 100, kenan turara shi kake yi kana zaton gashi ne. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowane makamashi ita ce: zai ba ni zafi busasshe mai ƙarfi, kuma zan iya rage shi in ƙara shi lokacin da nake so?

Sai maganar ƙamshi, wadda a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Abin da muke kira ƙamshin gawayi, mafi yawansa ba na gawayin ba ne. Gawayi itace ne da aka riga aka ƙona a rufe, iska kaɗan, har ruwansa da ƙaronsa da yawancin abin da ke yin hayaƙi suka fice. Ka hura gawayi mai kyau ka tsaya kusa da shi, ba abin da za ka ji sai zafi a fuska. Ƙamshin yana zuwa ne sa'ad da kitse da romon nama da man gyaɗa suka ɗiga a kan garwashi suka yi "cuu", tururinsu ya taso ya koma jikin naman. Itace ne kaɗai ke zuwa da ƙamshin kansa. To ka ga Yaya yana da rabin gaskiya.

In kana son ganin darasin da idonka, nemi mai tsire na gargajiya wanda bai koma kan waya ba. Tudun toka ne da ƙasa a kewaye, wuta a tsakiya, tsinkaye a kafe a gefe sun ɗan sunkuya wajenta. Ko tsinke ɗaya babu a saman harshen wutar. Man da ya narke yana bin tsinke ya gangara cikin toka, ba ya faɗa wa wutar balle ya tayar da ita. Shi kuwa mai tsiren yana zagaye, ya zare wannan ya juya, ya matso da wancan, wanda ya nuna ya mayar da shi baya inda zai zauna da ɗuminsa har mai saye ya zo. Dalilin duk wannan ƙuli-ƙuli ne. Garin ƙuli yana da mai, ba ya jure wuta kai tsaye, yana ƙonewa ya yi ɗaci kafin cikin naman ya nuna. Kowane murhu ka saya, wannan dabarar za ka kwaikwaya, wato gefe guda mai zafi sosai da gefe guda mai sauƙi.

Itace

Bari in fara da ɓangaren Yaya, tunda shi ne babba. Wanda ya taɓa yin Babbar Sallah a Yamai ko Damagaram ya ga yadda ake baje raguna a kan sanduna biyu da aka gicciya, a jera su kewaye da tulin itace a ƙofar gida, wuta tana ci awanni ana juyawa. A Ajantina, inda gashin naman sa ya zama al'adar ƙasa, sukan ƙona itacen a gefe, su riƙa ɗebo garwashin da shebur suna zubawa a ƙarƙashin waya. Duka biyun sun gane abu ɗaya: ba a ɗora nama a kan itacen da ke ci bal-bal.

A nan matsalar take ga mai ɗan fili a bayan ɗakin girki. Kafin itace ya zama garwashin da za ka gasa kaza, ka yi ta jira kusan awa ɗaya, kuma a wannan awar ne farin hayaƙin nan mai kauri zai bi shanyar uwargida, ya leƙa tagar maƙwabta. In itacen ɗanye ne abin ya fi muni, domin sabon sara kusan rabin nauyinsa ruwa ne, hayaƙinsa yana sa nama tsami da ɗaci. Don kaza biyu ranar Asabar, wahalar ta fi romon.

Inda itace ke da amfani a gare ka shi ne a matsayin kayan ƙamshi. Guntu biyu kamar girman dunƙulen hannu, busassu, a ɗora a gefen garwashin gawayi a rufe murfi, sun isa. Marke, kirya, bagaruwa da tsamiya duk masu nauyi ne, garwashinsu yana daɗewa. Reshen goba ko na lemo da aka datse ya bushe yana ba kaza da kifi ƙamshi mai laushi. Dogon yaro kuwa, duk da shi ne a ko'ina, ni ba na kusantar da shi ga nama, hayaƙinsa yana barin ɗaci. Bishiyar turare, wadda wasu ke kira zaiti, takan sa nama warin maganin mura. Tumfafiya da tinya da duk itacen da ke zubar da farin ruwa in an sare shi, ka bar su, akwai guba. Wanda ya fi ba ni tsoro a sabon gida irin naka shi ne ragowar katakon gini. Ana shafa masa baƙin mai ko maganin gara, wani da fenti, wani falanki ne da aka manne da gam. Yana nan jibge kyauta, yana kamawa da wuri, amma gubar da ke cikinsa a kan naman iyalinka za ta sauka. Taya da leda ba sai na faɗa ba, ko da babbakar kai da ƙafa za a yi.

Gawayi

Kilo ɗaya na gawayi yana ɗauke da zafin da ya kusa ninka na busasshen itace sau biyu, yana zama garwashi cikin minti 20 ko ƙasa da haka, hayaƙinsa kaɗan ne, zafinsa kuma busasshe. Da shi za ka yi tsire, ka yi balangu, ka gasa kifi da masara, ranar Sallah ka ɗora cinyar rago a gefe mai sauƙi ka rufe ta yi awa uku. Babu maɓallin murɗawa, amma kana da hanyoyi uku na sarrafa shi: iska, yawan garwashi, da nisan waya. Ka buɗe ƙofar iska wuta ta tashi, ka rufe ta kwanta.

Sai dai gawayi suna ya tara, kuma rabin waɗanda suka ce sun gwada bai yi musu ba, mugun buhu suka sayo. In ka je saye kada ka tsaya ga manyan da aka jera a bakin buhu, wannan ado ne. Sa hannu can ciki, ko ka ce a zazzage maka a ƙasa ka ga yawan garin. Ɗauki guntu biyu ka buga su da juna. Mai kyau yana da nauyi a hannu, yana ƙara siririya kamar ƙarfe, in ka karya shi cikinsa baƙi ne wuluk mai ɗan sheƙi. Wanda ya yi fayau kamar ɓawon gyaɗa daga itace mai taushi ne, minti kaɗan ya zama toka. Wanda cikinsa ke da launin ƙasa-ƙasa bai gama ƙonewa ba, zai yi ta hayaƙi da tartsatsi. Ba banza maƙera suka nace wa gawayin kirya ba, shi ke riƙe zafin da zai sa ƙarfe ya yi ja, kuma in ka same shi na gashi ka dace. A damina ka ɗaga buhun ka ji, gawayi yana shan laima, nauyin da za ka biya kuɗinsa ruwa ne. A gida kuma ka ɗora shi kan katako inda feshi ba ya kai.

Kowane allazi da nasa amanu. A ramin gargajiya akan ƙona itace kilo biyar zuwa goma kafin a samu gawayi kilo ɗaya, kuma itatuwan da suka fi ba da mai kyau su ne masu jinkirin girma. Abin da ke ci mini rai shi ne kaɗanya. Bishiyar da takan shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, wadda matan ƙauye ke cin abinci da manta, a kayar da ita don buhu kaɗan. Jihohi da dama sun sha shelar hana sare itace don gawayi, amma manyan motoci ba su fasa fitowa daga daji ba. Ba zan ce maka gashin Asabar ɗinka ne ke cinye dajin ba, girkin yau da kullum na birane da fitarwa waje sun fi shi nesa ba kusa ba. Amma ko don aljihunka ka koyi kashe garwashi. Ka gama, ka rufe murfi da ƙofofin iska, wutar ta mutu da kanta, washegari ka kakkaɓe toka ka tsince ragowar. Mutane da yawa suna ƙona ninkin abin da suke buƙata.

Wajen kunnawa, nemi babban gwangwani, a cire gindinsa, a gitta 'yan ƙarafa a ciki kusa da ƙasa, a huda gefen ƙasan. Cika sama da gawayi, tura takarda ko totuwar masara da aka ɗiga wa man gyaɗa a ƙasa, ƙyasta ashana. Iska tana shiga ta ƙasa ta ja wutar sama, ko mafici ba ka buƙata. In ka ga na saman sun fara yin fari-fari, juye.

Kananzir kuwa, na sha darasinsa. Wata shekara a tsakiyar Agusta na karɓi gashin walima, raguna biyu. Gawayin ya kwana a bayan mota ruwa ya taɓa shi, ya ƙi kamawa, baƙi sun fara zama a tabarma. Na shiga gyara yaji, wani yarona ya ga zai taimake ni ya tsiyaya kananzir. Wuta ta tashi kowa ya ji daɗi, muka ɗora nama ba mu jira ya cinye ba. Dattijon da aka fara miƙa wa faranti ya tauna sau biyu, ya ajiye, ya ce da ni a hankali, "Malam, wannan ragon fitila ya ci?" Zubin farko gaba ɗaya muka zubar, daga ribata. Na ma gode Allah da ba fetur yaron ya ɗauko ba, domin fetur tururinsa ke kamawa, wutar tana bin sa har galan ɗin da ke hannunka.

Akwai kuma dunƙulen gawayi, wanda ake yi da garin gawayi ko ɓawon kwakwa ko ɓuntun shinkafa a haɗa da sitaci a matse. A Amurka kamfanin motoci na Ford ne ya yayata shi a shekarun 1920, don kada ragowar katakon da ake ƙera jikin mota ya tafi a banza, kuma shi ne ake sayarwa har yau da sunan Kingsford. Amfaninsa girmansa ɗaya ne, yana ci a hankali daidai wa daida, ya dace da dogon gashi. Aibinsa toka ta fi yawa, kuma sau da yawa zafinsa bai kai na gawayin itace mai nauyi ba. In ka samu na ƙwarai ka haɗa su. Amma ƙananan nan masu zagaye na turaren wuta, masu kamawa da ashana ɗaya suna tartsatsi, an sa musu sinadarin kunna wuta, ba na abinci ba ne.

Gas

Uwargida ba ta yi kuskure ba, kuma ba na cikin masu raina gas. Ka murɗa, ka rufe murfi minti goma, ka ɗora. Babu toka, babu baƙi a hannu, zafin yana tsaye inda ka ajiye shi. Kifi da kaza da kayan lambu suna fita lafiya lau. Kuma tunda kitse yana ɗiga a kan faifan ƙarfen da ke rufe da kawunan wutar ya tashi, ƙamshin gashi yana samuwa, ba kamar yadda Yaya ke tsammani ba. A kan yankan naman da ke nuna cikin minti goma, da wuya mai ci ya rantse da wane murhu aka yi. In kana son hayaƙi, naɗe 'yan ɓarɓashin itace a takardar alminiyam, huda ta, ajiye kusa da wutar.

Abubuwa uku suka hana ni ce maka ka saya. Na farko, wutar gas tana fitar da tururin ruwa, kowane kilo da ya ƙone yana sakin ruwa kusan kilo ɗaya da rabi, don haka zafinta bai kai na garwashi bushewa ba. Murhu mai kauri mai kawuna masu ƙarfi yana rufe wannan gibin, amma masu arahar nan na falle-fallen kwano ba sa tara zafi, sai ka ga balangu yana zubar da ruwa yana yin toka-toka. Araha ba ta ado, mai kyaun kuma kuɗinsa ya wuce wanda ka gani. Na biyu, shan gas. Mai kawuna uku in an buɗe duka yana iya shan fiye da rabin kilo a awa. Tukunyar kilo 12.5 za ta kai ka Asabar da yawa, amma ranar Sallah da za a wuni ana gashi za ka ji a jikinka. Kuma in tukunyar kicin za ka riƙa cirewa, ranar da ta ƙare ana tsaka da tuƙa tuwo, wadda ta ba ka shawarar gas ita ce za ta fara tuna maka. Na uku, gyara. In kan wuta ya ruɓe ko maƙunni ya mutu, samun daidai da shi a kasuwa aiki ne, alhali rabin durom kowane mai walda a unguwa zai yi masa faci.

Wa ya kamata ya saya? Wanda zai kunna sau biyu ko uku a mako bayan ya dawo aiki, ko wanda ke zaune a gidan haya mai maƙwabta a manne inda hayaƙi zai jawo magana, ko gidan da ke da mai asma. Ga irin waɗannan, murhun da ake kunnawa ya fi wanda ake jin ƙyuyar kunnawa.

In wata rana ka saye shi, ka riƙe waɗannan. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ba ya tashi sama, yana kwanciya a ƙasa ya bi kwata da lunguna. Warin da kake ji ma da gangan aka sa masa don a gane yana yoyo. Ka shafa ruwan sabulu a kan regileta da tiyo, in ya yi kumfa akwai ɓaraka, kada ka gwada da ashana. Tukunya a tsaye, a inuwa, nesa da zafin murhun. Kullum a buɗe murfi kafin a kunna, in bai kama ba a kashe a jira minti biyar. Iskar hunturu tana iya kashe wutar gas yana ci gaba da fita, don haka ba a barinsa a tafi. Sai farantin kitse da ke ƙasa. Na taɓa yin aiki da murhun wani gida da ba a taɓa zare farantin ba tun da aka saye shi, na ɗora haƙarƙarin rago mai kitse, sai ga wuta tana fitowa ta gindin murhun, tiyo na nan kusa. Na rufe tukunya, na rufe murfi, ta mutu. Da ruwa na watsa, da kitsen ya fantsama da wutarsa.

Na lantarki ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Yana cin wat 1,500 zuwa 2,000, ƙaramin janareto ko sola na gida ba sa ɗauka cikin daɗin rai, in an ɗauke wuta kuma kaza ta tsaya rabi. Yana da amfani ga mai zama a bene, ba ga mai fili ba.

Abin da ba a wasa da shi

Garwashin gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mutum ya ji ciwon kai da jiri da barci, wani ba ya farkawa. Kusan duk hunturu sai an ji labarin waɗanda suka shiga ɗaki da kasko suka rufe ƙofa. In hadari ya taso kana tsaka da gashi, kada ka ja murhun cikin kicin ko gareji, kuma in an gama kada wani ya ɗebi ragowar garwashin ya kai ɗaki don ɗumi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tokar ma ka bar ta ta kwana biyu ko ka jiƙa ta a bokitin ƙarfe kafin ka zubar, domin tana ɓoye wuta, yara kuma ba takalmi suke yawo.

Baƙin ƙonewa a jikin nama, da baƙin hayaƙin da ke tashi in kitse ya kama da wuta, suna ɗauke da sinadaran da masana lafiya ke alaƙantawa da cutar daji in ana yawan ci. Wannan ya shafi gawayi da itace da gas duka. Maganin shi ne na tukuba: rage kitsen da ke rataye, yawan juyawa, janye nama gefe in wuta ta tashi, yanke inda ya ƙone. Kaza kuma sai can cikin cinya ya kai digiri 74. In babu ma'aunin zafi, tsaga kusa da ƙashi, kada ka ga ja ko ruwa mai jini.

Wurin mai walda

Zan faɗi iyakata. Ban ga filin naka ba, ban san ta ina iska ke kaɗawa a gidan ba, kuma ni a kan garwashi na tashi, dole hannuna ya karkata can. Harshe ma kowa da nasa. Amma ga mai gashi sau ɗaya a mako da babban aiki sau ɗaya a shekara, lissafin bai ba gas ba.

Kada ka ga rabin durom ka raina. Sanannen murhun nan na Weber da ake ji da shi a duniya, a 1952 wani mai suna George Stephen ya fara yin sa a yankin Shikago, da rabin ƙwallon ƙarfen da ake sawa a ruwa don nuna wa jirage hanya, ya yi masa ƙafafu da murfi da ƙofofin iska. Abin da za ka nema kenan. Durom ya zama wanda aka zuba abin ci a ciki, kamar man girki. Wanda ya taɓa ɗaukar fetur ko sinadari yana iya fashewa a hannun mai yanka shi. A yi ƙofar iska mai zugewa a ƙasa, wata a murfi, a sa matakai biyu ko uku na ɗaga waya. Wayar ta zama rodi siriri ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ba shantar tsohon firji ba, ba kuma wayar shinge mai farin rufi ba, domin rufinsu yana ƙonewa ya hau nama. Kafin gashin farko ka hura masa wuta mai ƙarfi ba nama, fenti da dattin ciki su ƙone, ka goge wayar ka shafa mata mai. Zuba yashi kamar kaurin yatsu biyu a gindi, yana tare zafi kada ƙarfen ya ci da wuri, yana kuma shanye kitse.

Ranar Asabar ɗin farko, roƙi uwargida ta nuna maka inda take so a ajiye shi, ka kuma jira a kwashe shanya, minti ashirin na kunnawa ne kawai ke da hayaƙi. Tara garwashin a rabi ɗaya, bar ɗaya rabin fayau. Ɗaga tafinka sama da waya kamar tsawon hannun yaro daga wuyan hannu zuwa yatsu, ka ƙirga. In ka janye a biyu ko uku, wutar balangu ce. In ka kai biyar ko shida, ta kaza ce da kifi. Fara da cinyoyin kaza, sun fi yafe kuskure. Ka ɗora su a gefen da ba garwashi, jefa guntun reshen goba ɗaya a wuta, rufe murfi da ƙofarsa a buɗe ta saman kazar, ka ba su kamar minti 35 kana juyawa sau ɗaya, sannan ka matsar da su kan garwashin minti biyu kowane gefe fatar ta yi ja. Yaji a barbaɗa bayan an sauke. Ka kira Yaya, amma kada ka gaya masa da me aka gasa sai ya cinye ta farko.